Faifan Da Na Goge Da Toka

Damina biyu bayan ruftawar rijiyar unguwarmu, shekarar da fara ta sauka a gonakin Gangara ta bar mana karan gero tsirara, a shekarar ne yayata ta rasu. Zabiya ce. Daga Gangara har Belbeji, bikin da ba ta buɗe baki ba, mata ba sa lissafa shi cikin biki.

Kaset ɗaya tal aka taɓa ɗaukar muryarta, shi ma ya fara laushi don yawan ji. Ɗanta ya kai wa wani mai rumfa a kasuwar Tanut, mai baki kamar reza. Shi ya juye waƙoƙin a faifan sidi, ya ce kaset kayan da ne, wannan kuwa ba ya tsufa. Da jin haka ɗan yayata ya bar masa kaset ɗin, ya kawo mini faifai, ni ce uwar da ta rage masa.

Na sa shi cikin jerena, tsakanin tasoshin aurena. Ya fi su walƙiya, ban ɓoye ba.

To ni, tun ina yarinya ba a taɓa ganin ƙwaryata da dauɗa ba. Da aka haifa wa ɗan yayata 'ya mace, aka ce sunan marigayiya za a sa mata, kuma ranar suna za a sa faifai mata su ji. Ana gobe suna na sauke jere. Na ga shatin yatsu a fuskar faifan, ƙura ta kwanta. Muryar yayata ta fita gaban baƙi da ƙazanta? Na tankaɗe toka, na haɗa da yashi mai laushi, na dirje shi ciki da bai, yadda nake yi wa tasa.

Ranar suna tsakar gida ta cika. Aka sa shi a rediyo. Ya juya, ya yi ƙugi, ya yi shiru. Aka cire, aka hura, aka mayar. Shiru.

Ranar kasuwa na hau mota da kaina har Tanut, na miƙa wa mai rumfar faifan.

"Kai ne mai abin da ba ya tsufa?"

Ya ɗaga faifan sama, rana ta ratso ta cikinsa kamar rariya. "Inna, me ya taka shi? Akuya?"

"Wanke shi na yi. Ku ba ku san wanki ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira maƙwabtansa su gani. Sa'an nan ya ce wai muryar ba a cikin robar take ba. Wasu 'yan ɗige-ɗige ne da ido ba ya gani, an jera su a layi ɗaya da ya fi gashi siranta, ya naɗe daga cibiya zuwa baki. Wani ɗan haske ne ke bin layin yana karantawa, in ya bugi farar fatar nan mai walƙiya ya dawo. Fatar kuwa ta fi ɓawon albasa rauni.

"Ita kika kankare, Inna. Kin wanke waƙar."

"Da ka ba ɗana, ka gaya masa haka?"

"Kowa ya sani ai."

"Kowa ɗan gidanku? To ba ni kaset ɗina."

Ya daina dariya. Wai ya daɗe da ɗora wa'azi a kansa, ya sayar.

Na zage shi har kakanninsa, ban kuma yi nadama ba. Abin da toka ke kashewa, shi ne za a ce ya fi kaset? Tasar uwata ta sha toka tun kafin a haifi ubansa, ga ta nan.

Baitocin suna kaina, ba wanda ya zube. Amma muryar, yadda take karyewa in ta hau sama, ina nema a kunnena, kullum tana ƙara nisa. Ɗan yayata bai taɓa ce mini uffan ba, ya dai rage zuwa.

Cikin matan da suka yi mata amshi, saura ni da wata makauniya a Tenhiya. Mai kalangunta yana nan, ya kurumce. Mai rumfar ma yana nan, Allah bai ɗauke shi ba, wayar hannu yake sayarwa yanzu.