Shuɗin da Mama ta zaɓa

Baba mai fenti ne, kuma bai taɓa yarda da launin da ke jikin gwangwani ba. Da ido yake haɗa nasa, ya shafa ɗan samfur kamar faɗin tafin hannu a bango, ya jira ya bushe. "Ɗanyen fenti maƙaryaci ne," in ji shi.

A bangon ɗakinmu yake gwajin. Nakan kwanta da rana ina kallon dabbare-dabbaren nan har su fara yawo kamar gajimare, barci ya sace ni. Mama kuwa ba ta ga abin sha'awa ba. "Ka yi wa gari kwalliya, mu ka bar mu da ƙyanda," take ce masa.

Wata rana ya shafa wani shuɗi mai haske kusa da taga, irin na sama bayan an ɗauke ruwa. Mama ta zo wucewa, ta tsaya, ta dangwala yatsa a kai tun bai bushe ba.

"Wannan nake so, Baban yara."

"Bari in gama aikin da ke hannuna."

Shekara goma sha tara aikin hannun nan bai ƙare ba, har Allah ya yi wa Mama rasuwa. Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Daga nan ya daina karɓar aiki, ya ce sai ya biya mata buƙatarta. Amma bai taɓa rubuta haɗi ba, kuma hannu ya manta. Kullum yana zaune gaban taga da gwangwanaye, ya ɗiga fari, ya ɗiga shuɗi, ya shafa a kwali, ya kara da nata, ya girgiza kai. Wata biyu ana haka.

Ranar da ya kira ni, na tarar da ɗakin shuɗi tun daga sama har ƙasa, kamar mutum ya shiga cikin ruwa. Na duba kusa da taga, ban ga samfurin ba. Na juya na dube shi.

"Baba, ka shafe mata?"

"Kewaye shi na yi. Haɗin ne ya yi daidai, ni ma idona ba ya gane wurin."

Ya lumshe ido, ya bi bango da tafin hannu a hankali, ya tsaya. Sai ya kama yatsana ya ɗora a kan wani ɗan gurbi, inda nata ya taɓa.