Sallamar da ta tashi tsuntsayen 'yata

Wuya na sha a ranar nan, ba abin da zan ƙawata muku. Shekaru sun ɗan ja yanzu, amma in na tuna har gwiwata sai ta amsa. Tuƙi daga Manchester zuwa Birmingham, daga can zuwa bakin teku, a dawo Birmingham, a sake kamo hanyar Manchester, duk a yini ɗaya, ga mutumin da dama tuƙi ne abincinsa kwana shida a mako. Kuma don me? Don a kalli tsuntsu. Ba a kama ba, ba a ci ba. A kalla kawai.

'Ya ɗaya gare ni. Takwarar mahaifiyata ce, shi ya sa Mamana nake ce mata. Mun rabu da uwarta tana da shekara tara. Uwar tata ma'aikaciyar jinya ce, ta samu aiki ta koma Perry Barr a Birmingham da yarinyar, ni na ci gaba da zama a flat ɗina na Levenshulme a Manchester ina raba kaya gida-gida da mota. Sau ɗaya a wata nake zuwa ganinta, ranar Asabar. Kullum abu ɗaya. In ɗauke ta mu je wajen cin abinci, in saya mata kaza da dankali, in ce ya makaranta, ta ce lafiya, in ce kina sallah dai ko, ta ce tana yi. Shi ke nan magana ta ƙare. Ta sunkuya a kan waya, ni ina kallon masu wucewa.

Da ta cika sha biyar sai uwar ta kira ni. Ba ma waya sai da dalili.

Ta ce, "Malam, yarinyar nan ta ce ta gaji da zaman Asabar ɗin nan. Ni kuwa ba zan ƙara tilasta mata ba, ta girma."

Na ce, "To me take so?"

"Ka tambaye ta mana. Ka taɓa tambayarta?"

Ban taɓa ba. Na ji haushin maganar, don gaskiya ce.

Na kira yarinyar. Da ƙyar ta faɗa min cewa tsuntsaye take so. Wata malamarsu ce ta koya musu kallonsu, har tana da littafin da take rubuta duk wanda ta gani. Ta ce ƙarshen Afrilu ne suke dawowa daga ƙasashen zafi, kuma akwai wata ƙaramar tashar jiragen kamun kifi a gaɓar Wales inda suke yada zango. Uwarta tana aiki ranar. Ta ce, "In za ka kai ni, to. In ba za ka iya ba, it's okay."

Na san wannan it's okay ɗin. A wajen uwarta ta gado shi. In na ce a'a, ko na kai ta abin ya lalace, to ba sauran wata Asabar.

A raina kuwa dariya nake. Ni ɗan fadama ne, daga wajen Haɗeja. Boko aji huɗu na tsaya. A wurinmu tsuntsu ɓarawon shinkafa ne. Tun asuba ake tashin yaro a ba shi gwangwani da tsakuwa a ciki, ya yini yana kaɗawa yana ihu don jan-baki kada su sauka a gona. Yau ga 'yar cikina za ta sa ni in ƙona mai don in je in gaishe su.

Na dai amsa mata. Ranar Asabar ɗin ta shigo mota da littafinta da madubin hangen nesa rataye a wuya. Tun kafin mu fita gari ta fara karanto min dokoki. Ba waya. Ba hayaniya. Ba a nuna abu da hannu. Na ce na ji. Ban ji ba, hankalina yana kan hanya.

Mun isa da hantsi. Ruwan teku ya fara dawowa amma bai iso ba tukuna, ƙananan jiragen suna kwance a kan laka kamar an yar da su. Warin kifi, ga iska mai yanka kunne. Akwai doguwar katanga da aka yi don tare ruwa, ana tafiya a samanta, a ƙarshenta wani ɗakin katako mai 'yan siraran tagogi. A ciki masu kallo ke ɓuya. Ta yi min bayani cewa in ruwa ya fara cikowa yana koro tsuntsayen da ke kiwo a laka a hankali, har ya tara su daf da ɗakin. Mutane sukan zauna awa uku suna jiran wannan ɗan lokacin, da ya wuce kuma sai wani jiƙon.

Na ce ta yi gaba, zan biyo ta. Na taho da babban fulas na shayi mai citta da kanumfari, da kofunan takarda. Ai ba ka shiga cikin mutane da abin sha ka sha kai kaɗai. Kafin in haɗa kayan, in lallaɓa da gwiwata a kan katangar nan, an daɗe.

Hannuwana duka biyu da kaya, sai na tura ƙofar da ƙafa. Iska ta fizge ta ta maka da bango. Ni kuma bakina ya yi abin da ya saba. Mahaifina ya taɓa marina don na shiga zaure ba sallama, shekara arba'in da wani abu bakin nan bai manta ba. Da muryar kasuwa na ce, "Salamu alaikum! Good morning everybody!"

Ta tagar nan na ga ƙasa ta tashi sama. Haka na gani. Dubban tsuntsaye a lokaci guda, suka juya suka yi fari, suka sake juyawa suka yi baƙi, suka miƙe can tsallaken ruwa har suka zama kamar hayaƙi. Aikin da a da nake yini ina yi da gwangwani ban gama ba, ranar na gama shi da sallama ɗaya.

Mutum takwas ko tara ne a ɗakin. Ba wanda ya zage ni, kuma gara a ce sun zage ni. Wani dattijo ya rufe bakin madubinsa a hankali, ya ce wa na kusa da shi, ba ni ba, tun ƙarfe shida yake zaune a nan. Wata tsohuwar Baturiya mai hular ulu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, kai ma barka da safiya."

'Yata ta miƙe. Ta ce musu sorry sau uku, ta raɓa ta gefena ta fita ba ta kalle ni ba.

Ni kuma ina tsaye da fulas. Ban san abin da ya shiga kaina ba na ce, "Tea?" Tsohuwar nan ta miƙo hannu ta karɓi kofi ɗaya. Allah Ya saka mata. Ita ta rufa min asiri har na samu ƙafar fita.

Na tarar da ita a kan katanga, ta juya baya.

"Mamana."

"Kada ka kira ni haka a nan."

"Ai za su dawo ko?"

"Ruwa ya riga ya cika. Ba za su dawo ba." Sai ta juyo. Ba kuka take yi ba, da kuka ne ma da na san yadda zan yi. "Abu ɗaya na roƙe ka, Baba. Ɗaya. Ka mayar da ni gida kawai."

Muka kamo hanyar mota, tana gaba ina baya. Ina kallon ƙeyarta ina cewa a raina, shi ke nan, ka kashe maganar da bakinka. A tsakiyar hanya gwiwa ta ƙi, dole na zauna a gefen katangar. Ta tsaya can nesa ta harɗe hannu.

Ɗaya gefen katangar ba teku ba ne, wata fadama ce mai ciyawa, da shanu suna kiwo. Ina zaune ina murza gwiwa sai na ji wani ɗan siririn kuka, tsiip, tsiip. Jikina ya san shi kafin kaina ya gane. Rabona da jin kukan nan tun ina yaro.

Na ce, "Hana-noma."

"Me?"

"Wani ɗan tsuntsu ne. Cikinsa ruwan ɗorawa, jelarsa doguwa, kullum tana kaɗawa. Haka muke ce masa a garinmu. Yana nan kusa."

Ta yi kamar ba za ta kula ni ba. Amma mai son abu ba ya iya fushi da shi. Ta buɗe wani littafi mai hotuna ta nuna min daga nesa. Na ce shi ne. Ta ce ba ta taɓa ganinsa ba, shekara biyu tana nema. Ta ɗaga madubi tana duba sama, tana duba kan shinge.

Na ce, "Ba nan ba. Ƙafar shanu za ki duba. Saniya tana tafiya tana tayar da ƙwari, shi kuma yana biye yana ci."

Ciyawar ta yi tsawo, ba a gani daga inda muke. Akwai 'yar ƙofa da alamar hanyar ƙafa da ta ratsa filin. Na ce ta biyo ni. Ta ce shanu suna da haɗari. Na ce, "Waɗannan? Da ko ƙaho babu?"

Na nuna mata yadda muke yi. Ba ka nufar tsuntsu kai tsaye. Ba ka kallonsa. Ka sunkuya, ka sa saniya tsakaninka da shi, in ta taka ka taka, in ta tsaya ka tsaya, har ya ɗauka kai ma cikin garken kake. Na ɗan yi wa shanun ƙyacci da harshe irin na makiyaya, suka ɗago suka dube ni suka ci gaba da kiwonsu. Na raɗa mata, "Kuma ban da hayaniya."

Ta dube ni. "Kai ne kake ce min ban da hayaniya?"

Mun fi rabin awa muna rarrafe a jiƙaƙƙiyar ciyawa, wandona duk kashin shanu. Daga ƙarshe muka durƙusa bayan wata jar saniya. Sai ga su. Biyar ne ko shida, suna gudu tsakanin kofatai, launinsu kamar an zuba ƙwanduwar ƙwai a kan ciyawa. Ɗaya ya matso har da na miƙa hannu da na taɓa shi. Yarinyar ba ta ma ɗaga madubin ba. Ta kama hannun rigata ta riƙe gam, ina jin numfashinta. Gwiwata tana ci kamar wuta, ban motsa ba.

Sai da muka koma kan katanga ta ce, "Ta yaya ka san duk wannan?"

Na ce, "Kama su muke yi. Da asuta, zarge ne na gashin wutsiyar doki."

"Ku yi me da su?"

"Mu gasa."

Ta buɗe baki tana kallona.

Na ce, "Loma ɗaya ce fa. In zafi ya matso ne suke yin ƙiba, lokacin suka fi daɗi. Sai kuma a wayi gari babu ko ɗaya. Ba mu taɓa tambayar ina suke zuwa ba."

Ta buɗe littafin ta nuna min taswira. Ta ɗora yatsa a kan ƙasarmu, ta ja shi ya haye Sahara, ya haye teku, ya tsaya a inda muke zaune. Ta ce, "Nan suke zuwa. Kitsen nan da shi suke tafiya, ba su da wani abincin a hanya."

Ashe guzurin bayin Allah muke cinyewa. Abin da bai kai tafin hannuna ba, shi ke yin wannan tafiya. Ni da jirgin sama na zo, a zaune, ana ba ni abinci, kuma har yau ina ƙorafin tafiyar.

Na ce, "Allah Ya yafe mana."

Ta ce, "Guda nawa ka ci?"

Na ce, "Mamana, kada mu shiga nan."

A nan ta yi dariya, har da riƙe ciki.

A hanyar dawowa ba ta taɓa waya ba. Tambaya take ta jero min. Me ake ce wa wannan da Hausa, me ake ce wa wancan. Balbela, zalɓe, shamuwa, tsattsewa, gauraka. Tana rubutawa, ina gyara mata faɗa, don harshenta na Birmingham ya ƙi lanƙwasuwa. Ta tambayi fadamar, ta tambayi kakarta da ta ci sunanta. Ni da nake ganin ba ni da abin da zan ba yarinyar da ta fi ni karatu tun tana firamare.

A ƙofar gidansu ta buɗe mota, sai ta tsaya. Ta ce akwai wani tafki kusa da Manchester da take son zuwa a hutun watan Mayu, amma sai an fita da sassafe, don haka sai ta kwana. "Kana da ɗaki?"

Na ce, "Akwai."

Ta ce, "Amma ni zan fara shiga wajen kallon. Kai ka tsaya a waje sai na kira ka."

Na ce na yarda.

Yanzu tana jami'a, takan zo da kanta a jirgin ƙasa. Ba zan ce na zama mai kallon tsuntsu ba, sanyi da tsayuwa ba nawa ba ne, sau da yawa a mota nake jiranta. Amma in na tuna ranar nan godiya nake yi. Ga Allah da farko, don ba dabarata ba ce ta zaunar da ni a daidai wajen shanun nan, ciwon gwiwa ne. Sai uwar yarinyar, da ta faɗa min maganar da ba na son ji. Shekara shida ina ciyar da yarinya kaza ina ganin na sauke nauyi, ban taɓa cewa ke me kike so ba. Sallama kuwa ban daina ba. Na dai koyi yin ta a hankali.

Ɗakin da na ce akwai, akwai shi, amma ko kyanwa ba za ta samu wajen kwanciya ba. Tsofaffin tayoyi huɗu, firji da ya mutu, kwalaye har rufi. Washegarin tafiyar nan, Lahadi, da na idar da sallar asuba ban koma barci ba. Na ɗaure gwiwa da bandeji, na fara sauko da kayan ɗaya bayan ɗaya daga bene. Sawu uku na yi zuwa jujin council. A dawowar ƙarshe na tsaya na sayi fenti, na kira ta na tambaye ta wane launi take so.