Kawu Bitrus da Koren Fentinsa

Kun dai san Kawu Bitrus, yayan mahaifiyata. Da zarar sanyi ya wuce a unguwar Soundview, nan Amurka, duk wanda ya je gaishe shi, kafin a ba shi ruwan sha an danƙa masa burushi. Shingen katakon gidan da ɗan siton da ke bayan gida kuwa, kore ne launinsu, babu sauyi.

Wata Asabar Fasto ya zo cikin farar shadda, ya jingina da shinge yana gaisuwa. Da ya ɗago, bayansa layi-layi kore shar! Kawu ya taho a guje, muka ɗauka haƙuri zai bayar. Ina! Katakon ya tsaya dubawa.

"Haba Fasto! Shafi na biyu fa ka kwashe mini!"

Maƙwabcinsa Alhaji Mahamadu, mutumin Maraɗi, ya gaji da warin fenti. Ya ce, "Bitrus, mu sa shingen roba mana, kowa ya huta."

"Roba? Alhaji, mu tumatir ne da za a zuba mu a roba?"

Shi kuma burushin Kawu, gashinsa bai fi na gemun akuya ba. Matarsa, Mama Rifkatu, ta faki idonsa ta jefa shi a shara. Wallahi sai da Kawu ya zazzage kwandon a bakin titi ya tsamo abinsa.

"Baban Yohanna, ai ba gashi a jikinsa!"

Ya cire hula ya nuna sanƙonsa. "To ni fa? Wace ranar shara za ki fitar da ni?"

Da zuciyarsa ta fara ciwo, likita ya hana shi hawa tsani. Na je na tarar da shi zaune a kujera, ya ɗaure burushi a sandar mofa, yana shafa saman siton.

"Kawu, me likita ya ce?"

"Ni ya hana. Bai ce komai a kan burushi ba."

Bayan jana'izarsa muka buɗe siton don mu kwashe kaya. A bangon ciki sai ga sunaye jere, da rubutun hannunsa: duk wanda ya taɓa sauka a gidansa farkon zuwansa Amurka. Nawa na can wajen ƙasa. Mama Rifkatu ta ce kowace safiya sai ya shiga ya bi su ɗaya bayan ɗaya da addu'a. Na zauna a kan gwangwanin fenti.

Ya Ubangiji, ya riƙe mu lokacin da ba mu san kowa ba a garin nan. Kai ma ka riƙe shi, ka ba shi hutu a wurinka. Amin.