Ƙahon Iliya ya sake fita a Arlit

Ana sallame sallar asuba muka baro Zinder, ni da abokan tafiya biyu, jitar bas ɗina tsakanin ƙafafuna, don na ƙi yarda a ɗaure ta bisa mota tare da buhunan albasa. Na fi shekara ashirin rabona da Arlit. Wasu samarin garin ne suka tsinci tsohon kaset na ƙungiyarmu, suka juye shi a waya, suka yi ta cigiya har suka same ni. Suna so mu tsofaffin da muka rage mu koya musu ska, kiɗan da muke kaɗa wa ma'aikatan uraniyom tun muna da gashi a ka.

A Tanout muka karya da shayi da burodi. Muka kwana Agadez, inda na sayi cuku mai tauri har na raina haƙorana. Hanyar Arlit kuwa sunan kwalta kawai gare ta. Direba ya fi bin gefenta cikin rairayi, yana tsere da manyan motocin da ke kai kaya Tchibarakaten wurin masu haƙar zinariya. Da muka sauka, ɗan kabu-kabu ya ce dala ɗari, wai jita ma fasinja ce. Na biya.

Gidan Iliya na fara zuwa, mai busa mana ƙaho a da. Mutumin Maradi ne, Kirista, kuma shi kaɗai cikinmu bai taɓa barin Arlit ba, ko bayan da aikin haƙar uraniyom ya tsaya a unguwar Akokan gidaje suka koma kango. Ya rungume ni yana kirana ƙanensa, matarsa ta kawo mana tuwo da miyar kuka. Na lura ba ya sakin baki ya yi dariya kamar da, na ɗauka tsufa ne.

Washegari da la'asar muka haɗu da samarin a gidan matasa. Suna da hannu, amma salon jitar Buzayen hamada ya bi jikinsu, suna duka daidai kan ganga. Na ce musu ska tsakanin duka da duka take faɗawa. Na ɗauki bas, ban yi waƙa biyu ba suka kama. Wannan kam ban manta ba.

Sai aka juya ga Iliya. Ya buɗe akwati, ya kai ƙaho baki, iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa, haka. Ya ajiye, ya dube ni.

"Ƙanena, haƙoran gaba sun zube tun bara waccan. Na ɓoye ne don kada su fasa kiranka."

An riga an sanar da gari za a yi wasa ranar Asabar, kuma ska ba ƙaho, rabinta ne. Sai mai ganga ya tuna da wani bakaniken babur, Agali, tsohon soja ɗan Gougaram, wanda ya taɓa busa bigila a bariki. Aka kira shi, ya zo da baƙin mai a hannu, aka ba shi ƙahon Iliya. Busarsa ta farko kamar zai tayar da sojoji faretin safe, har Iliya ya manta ya yi dariya baki buɗe. Kwana uku Iliya yana rera masa layin ƙahon da baki, yana buga masa gwiwa in ya yi sauri.

Ranar Asabar fili ya cika tun rana ba ta yi sanyi ba. Tsofaffin ma'aikata suka jingine sandunansu suka shiga rawa, 'yan kasuwar Katsina suna ɗauka a waya. Agali ya yi kuskure sau biyu, mu uku kaɗai muka sani. Da aka tashi Agali ya miƙa ƙahon, Iliya ya ƙi karɓa.

"Aro ne, ba kyauta ba. Kullum da la'asar ka kawo shi gidana, da sauran koyo."

Na iso Zinder da ciwon baya da sauran rairayi a kunne. Na tafi da tunanin mu za a je kallo, na dawo na gane aikin da ya rage mana shi ne mu zauna mu koyar tun muna iyawa. Na share bayan shagona, na shimfiɗa tabarma. Ranar Alhamis mutum huɗu suka zo koyon kiɗa, ɗaya ma ya girme ni.