Turken Yaya Salisu

Bazarar nan ta cika shekara tara da muka kai Yaya Salisu makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in sake ajiyewa. Ba rashin abin faɗa ne ya hana ni ba. Ba zan iya ba da labarinsa ba sai na haɗa da nawa, nawan kuwa ba mai daɗin ji ba ne. Bana dai na gaji da ɓoyo.

Yaya Salisu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Baure da Babban Mutum. Ni aka sa a boko har na zama malamin firamare, shi ya tsaya gona. Bai taɓa riƙe sarauta ba, ko mai unguwa bai yi ba. Amma in ka shiga yankinmu ka ce kana neman gidan Mai Turke, har ƙofa za a kai ka.

Yamma da gari akwai tafki guda ɗaya, shi ne rayuwarmu in damina ta ɗauke. Masu lambu na ban ruwan albasa da tumatir da attarugu a gefensa, Fulanin da ke sauka a kusa da mu kuma suna biyo burtali su shayar da shanu. Lokacin da ake ban ruwa da jigo babu mai jin kan wani, domin mutum da guga ba ya iya ƙarar da tafki. Da injin ban ruwa ya shigo sai lissafi ya canza. Ruwan da ke kai mu faɗuwar damina ya koma ƙarewa tun tsakiyar bazara. Manoma suka ce kofaton shanu ne ke dama ruwan, makiyaya suka ce injuna ne ke shanye shi. Wata shekara har aka fasa wa wani kai a bakin tafkin.

A shekarar ne Yaya ya kama zirga-zirga tsakanin gari da rugar Ardo Hammadu, shugaban Fulanin wurin, wanda suka taso tare tun suna samari. Da tafkin ya ƙafe, su biyu suka saro icen kirya, suka kafa shi a wuri mafi zurfi, suka shimfiɗa faffaɗan dutse a gindinsa. Sun binne shi ne har sai da kansa ya yi daidai da kan sandar kiwon Ardo idan an tsayar da ita a kan dutsen. Sannan Yaya ya sa gatari ya yi masa tsaga biyu. Muddin ruwa ya rufe tsagar sama, kowa ya sha yadda ya ga dama. In ta fito, masu lambu su yi ban ruwa daga asuba zuwa hantsi, daga nan bakin tafki na shanu ne. In kuwa tsagar ƙasa ta fito, kowa ya naɗe tiyonsa ya ɗauke inji, abin da ya rage na bakin dabba ne da tulun mata.

Su ma Fulani da nasu nauyin. Bayan girbi sukan sauka da shanu a gonakinmu bi da bi, su ci kara su bar mana taki. In tafki ya ƙafe kuma a yi gayyar yasa, manomi da makiyayi kowa da kwandonsa, a kwashe laka har sai dutsen nan ya fito fili. Ranar da aka gama, Yaya ya ɗora hannunsa na dama a kan turken, Ardo ya ɗora nasa, liman ya yi addu'a a shafa. Iyakar yarjejeniyar ke nan. Babu takarda, babu sa hannu.

Na taɓa ba shi shawara a rubuta ta a kai wa hukuma. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam ɗan boko, rubutunka a takarda yake, akuya ma na iya cinyewa. Nawa a jikin kirya yake, ko gara ta haƙura da shi." Haka yake tsokanata kullum, ni kuma in ce masa injiniyan da bai san baƙi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. An zage shi a gari, an ce ya sayar da 'yan'uwansa don ƙwaryar nono. Abin da ya rufe bakin mutane shi ne shekarar da tsagar ƙasa ta fito tumatirinsa na cikin fure. Shi ya fara naɗe tiyo, a gaban kowa, ya ɗora inji a amalanke ya nufi gida. Na bi shi ina faɗa, ina cewa ko kwana biyar a ƙara. Ya tsaya ya dube ni ya ce, "Idi, tumatir in ya bushe baɗi zan sake shukawa. Saniya in ƙishi ya kashe ta, a wace gona za a shuka wata?" Ni dai ban yarda har zuci ba. Wannan rashin yardar ta zauna a cikina shekara da shekaru ban sani ba.

Ciwonsa bai daɗe ba. Mun kai shi asibiti a Daura, muka dawo da shi bayan mako guda, ya kwana uku ya cika. Kwana ɗaya kafin rasuwarsa ya sa aka kira ni, ya ce, "Turken nan ba nawa ba ne, na gari ne. Amma in na tafi, kai za a kalla." Na ce ya daina irin wannan magana. Ardo ya zo jana'iza da mutanensa, ya zauna a gefe yana share hawaye da gefen rawani. Da aka yi yasar shekarar, shi da kansa ya kamo hannuna ya ɗora a inda hannun Yaya ke zama.

Shekara biyu na riƙe amana. A ta uku na ajiye aikin koyarwa, na ce bari in shiga lambu da ƙarfina. Na ƙara fili, na dasa albasa a makare. Tana gab da ƙosawa, saura kamar mako biyu, tsagar ƙasa ta fara leƙowa. Na kwana biyu ina zagaya lambun ina kallon ganyen nan shar. Ranar Juma'a, da mutane suka tafi masallaci a Baure, na ce kaina na ciwo. Gari ya yi tsit. Na ɗauki guduma, na naɗe wando, na shiga ruwan har cinya. Sau biyar na bugi kan turken. Laka ta yi laushi, ya nutse kamar tsawon tafin hannu, tsagar ta koma ƙarƙashin ruwa. Na fito ina gaya wa kaina cewa ruwan sama ya kusa, babu wanda zai cutu. Ranar na bar sallar Juma'a don in yi wa mamaci ƙarya.

Washegari da hantsi ina lambu Ardo ya iso da shanu. Ya tsaya ya daɗe yana kallon turken. Sai ya tattare riga ya shiga ruwan, ya lalubi dutsen da ƙafa, ya tsayar da sandarsa a kai. Daga inda nake ina ganin kan sandar ya ɗara kan turken. Ya juyo ya dube ni. Na yi kamar ina gyara tiyo. Da ya fito ya biyo ta gefena, abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya jiƙan Salisu." Na ce amin.

Ban yi tunanin cewa ba injina ne kaɗai a bakin tafkin ba. Tunda tsaga ba ta fito ba, kowa ya ci gaba da zuƙa. Kafin ta sake bayyana, abin da ya rage bai kai rabin na kullum ba. Damina kuma ta yi jinkiri a shekarar. Na ga shanu da idona suna lasar laka, maruƙa na bin iyayensu suna kuka babu nono. Ardo ya rasa shanu, ciki har da wata farar saniya da yake ji da ita, wadda Yaya ke ba dusa a hannu lokacin yana raye. Bai kai ƙara ba, bai tara mutane ba. Tun kafin lokacin yasa ya tashi da rugarsa ya ƙetara Nijar. Albasata kuwa ta yi kyau. Na cika buhuna.

Daga shekarar ba a sake gayyar yasa ba. Manoma suka ce ba za su kwashe laka su kaɗai ba, sauran Fulanin suka ce tunda Ardo ya tashi akwai dalili. Laka ta yi ta taruwa, tafkin ya zama faranti, watan farko na rani yake ƙafewa. Burtalin da garke ke bi a sake, gonaki sun ci shi daga hagu da dama har ya koma 'yar siririyar hanya. Gonakin da suka saba da kashin shanu yanzu sai takin buhu. Makiyayin da ya ratso neman ruwa, kallon ɓarawo ake yi masa, shi ma da shirinsa yake zuwa. Yaran da aka haifa bayan tashin Ardo ba su taɓa ganin manomi da Bafulatani suna cin tuwo a akushi ɗaya a bakin tafki ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarukan sulhu. Duk lokacin da aka shirya zaman sasanta manoma da makiyaya a yankinmu, sai a aiko mini, wai ƙanen Mai Turke ya zo ya yi jawabi. In sa babbar riga, a ba ni kujerar gaba, in ba da labarin kirya da tsaga biyu, a tafa. In aka tambaye ni me ya kashe tsarin, sai in ce canjin zamani da ƙarancin ruwan sama. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma na san sau nawa guduma ta sauka.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Yanzu masu hali kowa ya haƙa 'yar rijiyar burtsatse a lambunsa, ya kafa farantin sola, ruwa na zuba tun fitowar rana. Na san zai yi murna da shi, don shi ba maƙiyin inji ba ne, shi ya fara sayen inji a garinmu. Zai zagaya ya shafa, ya tambayi yadda yake aiki. Sannan zai ce, "To, ina tsagarsa? Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa wa ke ganin ya kai inda za a tsaya? Kuma ta ina saniya za ta sha?" Ba na jin a cikinmu akwai mai amsa.

Watan jiya wani dillalin shanu a kasuwar Babban Mutum ya gaya mini Ardo na nan da rai, sai dai idonsa ya yi rauni. Na hau babur na bi kwatance har rugarsa. Na tarar da shi a inuwa kan buzu, ya rame ƙwarai. Daga sallama ya gane muryata. Aka kawo fura, na kasa sha. Na ce, "Ardo, ni na danna turken."

Ya ce, "Na sani, Malam Idi. Tun ranar na sani."

Na ce, "Me ya sa ba ka tona ni ba?"

Ya ce, "In na faɗa, za a ce turken Salisu na ƙarya, kuma daga gidansa ƙaryar ta fito. Masu zaginsa su sami abin faɗa, shi kuma yana kwance ba bakin ramawa. Na ga gara in tashi." Ya lalubo sandar daga gefen buzu ya miƙo mini. "Nawa na yafe. Na dabbobin kuwa ba ni ke da shi ba, ka roƙi Mai su. Ɗauki wannan, ni na daina kiwo."

Na yi kuka a gaban dattijon nan yadda ban yi ba ko ranar jana'iza. Shekara shida yana ɗauke da asarar da na ja masa, a ƙasar da ba nan ya so ya tsufa ba, don kawai kada a taɓa sunan amininsa. Ni da muka fito ciki ɗaya da Salisu, buhunan albasa suka fi mini sunan.

Da na dawo na je tafkin da fartanya. Kan turken kaɗai ke waje, sauran duk laka ta binne. Kwana huɗu ina tono kafin na kai ga dutsen. Kiryar na nan garau, tsagar biyu na nan yadda gatarinsa ya bar su. Na ɗaga shi, na tsayar da sandar Ardo a kan dutsen, na daidaita kai da kai, na cike gindin da tsakuwa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na miƙe a gaban mutanen garinmu na faɗi abin da na rubuta a nan, na roƙi a fito gayyar yasa. Na aika rugagen da suka rage a kusa da mu.

Masu cewa mamaci ya bar suna, gaskiya suka faɗa, sunan Yaya na nan. Amma shi ba suna ya so ya bari ba. Ya so ya bar wurin da mutum biyu da ba su yarda da juna ba za su kalli abu ɗaya su yarda da shi. Wannan ne na lalata, kuma na gane ba a gyara shi da fartanya.

Ranar gayya manoma bakwai suka zo. Daga ruga ba wanda ya zo, ban kuma ga laifinsu ba. Muka kwashi abin da za mu iya har la'asar. Da liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, na ɗora hannuna na dama a kan turken, a gefe ɗaya, yadda aka saba. Ɗaya gefen na bar shi a buɗe. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa ka huta. Baɗi ma in da rai zan zo in ɗora nawa, in jira.