Ranar da Mai Caji Ya Kashe Muryar Wayar Rukayya

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kudan, ni da abokina mai wata tsohuwar mota da sai an lallaɓa ta take tashi. Kurmin Kogi muka nufa, wajen Rukayya, 'yar ƙanwata, wadda ta makance tun tana ƙarama amma take karatu ta intanet. Uwarta ce ta kira ni hankali tashe: wayar yarinya ta yi shiru, ga jarrabawa da za a rufe da la'asar.

A Makarfi muka karya da koko da ƙosai. Rake ya yi arha, abokina ya cika bayan mota kamar zai buɗe kasuwa. Daga Ikara kuwa ramuka da motocin tumatir suka hana mu sauri, ni kuma ina ta duban agogo.

Mun tarar da Rukayya a kan tabarma ta yi tagumi. Ashe wayarta tana da murya mai karanta mata duk abin da yatsanta ya taɓa, sai ta ƙwanƙwasa sau biyu abu ya buɗe. Da aka kai ta shagon caji, mai shagon ya ji waya tana surutu ita kaɗai, ya ɗauka ta lalace. Bawan Allah ya kashe muryar, har da aiko saƙo wai ya gyara kyauta saboda zumunci, sannan ya tafi cin kasuwa. A gidan kuma ba mai karanta Turancin da ke cikin wayar.

Na fashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

"Kawu, idona fa ya cire," in ji ta.

Na karɓi wayar, ina karanta mata abin da na gani, tana faɗa mini inda zan danna, har muryar ta dawo. Gudu take kamar mai tallan magani a tasha, ban kama ko kalma ba, Rukayya kuwa sai gyaɗa kai take. Ta shiga jarrabawa. Shafin yana karanta mata tambaya, yana bayyana mata abin da ke cikin hoto, kuma an ƙara mata lokaci. Ta ce kurman ajinsu ma rubutu ke fito masa a ƙasan bidiyo. Wallahi waɗanda suka tsara abin nan sun burge ni, yarinyar ta fi burge ni. Kafin kiran la'asar ta tura amsoshinta, uwarta ta rangaɗa guɗa.

Da muka dawo Kudan na kunna muryar a wayata, na rufe ido, na gwada kiran uwargida tana tsakar gida. Na yi ta ƙwanƙwasa har na haƙura. Tafiyar nan ta koya mini in tambayi mai abu kafin in gyara masa, don da a hannuna wayar ta faɗo, ni ma da na kashe muryar.