Rabin Yadi Ya Sayi Gida

Duk layin teloli ba mai kiransa da sunansa na yanka. Rabin Yadi ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. In ka kawo masa yadi huɗu, sai ya zaro tef daga wuyansa, ya auna ka, ya auna yadin, sannan ya girgiza kai kamar an yi rasuwa. "Ƙaro rabin yadi. Jikinka ka auna, ba ka auna ɗinki ba. Ina na kalmasa? Ina na aljihu?" Ranar karɓa kuwa, kuɗin ɗinki daban, na zare daban, na maɓalli daban. Mutane su yi ta mita, amma su dawo, don rigarsa ba ta taɓa matse kowa a hammata ba.

Shekara ashirin da shida suna zaune shi da matarsa a ciki da falo, a gidan haya mai iyali bakwai da igiyar shanya ɗaya tal. Matar ba ta taɓa tambayarsa sarƙa ko ɗan kunne ba. Abin da ke ci mata rai shi ne ta shanya wanki, ta juya baya, ta tarar an ture mata shi gefe, a jiƙe, a cukurkuɗe. "Malam," takan ce, "ni dai kafin in mutu in ɗaura igiyata a inda ba mai taɓa ta." Ya yi mata alkawari tun 'yarsu ta fari tana goye, ga shi har sun aurar da ita.

Ba a banza ya bar alkawarin ba, tari yake yi. Da dillali ya nuna masa wani gidan magada, ɗaki uku da tsakar gida mai faɗi, aka yi ciniki, sai ga farashin ya zo daidai da abin da ya tara, cif-cif. Daɗi ya kama shi har ya manta da sana'arsa. Nan take ya ba da rubu'in kuɗin a matsayin kafin alƙalami, ya sa hannu a takardar da ta ce in kwana talatin suka wuce bai kammala ba, kuɗin sun bi ruwa. Matarsa ta tafi kasuwa ta sayo shuɗiyar igiya sabuwa fil.

Ofishin lauya yana hawa na biyu, fanka na ƙara, fayil-fayil ɗaure da zare har rufi. Lauyar yarinya ce sa'ar 'yarsa, kuma kallo ɗaya ya gane wanda ya ɗinka mata kwat bai iya sa hannun riga ba. Ta jawo takarda ta fara jerowa: la'adar dillali kashi biyar cikin ɗari, aikin lauya kashi biyar, harajin hatimi, kuɗin rajista, kuɗin binciken fayil a ofishin filaye, kuɗin masu awo.

"'Yata, ai kuɗin gidan na hannuna."

"Baba, kuɗin gida ka tanada, ba ka tanadi na takardu ba. Ginin daban, mallakarsa daban."

Rabin Yadi ya san wannan karatun sarai, shi ya saba biya wa mutane shi. Abin da bai taɓa sani ba shi ne yadda yake da zafi a kunnen wanda ke ɗaya gefen teburin.

A ofishin filaye taga ta uku ta tura shi ta bakwai, ta bakwai ta ce ya dawo da rasit daga banki, banki suka ce fom ɗin tsoho ne. A rana ta goma sha tara masu haraji suka je suka ƙiyasta gidan da kansu, suka ce ai ya fi abin da ya saya daraja, tunda za a yi titi a layin. Har murna jami'in ya taya shi, ya ce ya yi sa'ar ciniki, sannan ya yanka masa haraji a kan sa'ar. Da aka haɗa komai, abin ya tasam ma kashi ashirin cikin ɗari na kuɗin gidan.

Ƙanin matarsa, direban babbar mota, ya ce, "Yaya, rabu da su. Ku rubuta 'yar takarda da magada, shaidu biyu su sa hannu, shi ke nan."

"Magada tara ne," in ji Rabin Yadi. "Ɗinkin da ba a kalmashe ba, wankin farko yake warwarewa."

Ya yi tunanin sayar da keken ɗinkinsa, amma ko ya haɗa da tebur da almakashi ba za su toshe rabin ramin ba, kuma da me za a ci? Tsoro ya kama shi sosai. Saura kwana huɗu dillali ya shigo shago yana washe baki, ya ce Allah ya kawo mafita: akwai wani malamin asibiti da ke neman gida, zai biya hayar shekara biyu a dunƙule. A nan ma ya zare la'adarsa, don ba a yi dillali don Allah ba.

Haka aka yi. Takardu suka fito da hatimi ja, sunansa ɓaro-ɓaro. Ya miƙa wa malamin asibiti makulli, ya koma ciki da falonsa. Mai gidan hayarsu, da ya ji labari, ya zo taya murna, ya kuma ƙara masa haya, wai ai yanzu shi ma ya san wahalar masu gida.

Matarsa ba ta yi masa ƙorafi ba, kuma wannan ya fi ƙorafin ciwo. Bayan sati biyu, da hantsi, ya gan ta ta ɗauko bokitin wanki a ka, shuɗiyar igiya a hannu. Kunya ta hana shi tambaya, sai ya rufe shago ya bi ta daga nesa, layi bayan layi, har ƙofar gidan. Ta tsaya ta yi sallama sau biyu, matar malamin asibiti ta leƙo.

"'Yar nan, don Allah in ba takura," ya ji ta ce, "ko za ki bar ni in ɗan yi shanya a tsakar gidanku?"